A gida suna ganin ni mai kuɗi ne, alhali bashi ya kai min wuya

Assalamu alaikum Yaya. Ina roƙon a sakaya sunana. Shekarata 34, ni ne babba a ɗakinmu, mu takwas ne. Mahaifinmu ya rasu ina da shekara 23, tun daga ranar komai ya dawo kaina. Ina aiki a wani kamfani a Abuja, ina zaune a Mararaba da matata da 'ya'ya biyu, hayar gidanmu 700,000 a shekara. Albashina naira 320,000 ne, amma a gida suna zaton ina ɗaukar ninkinsa uku, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Duk wata ina tura wa Inna 50,000, ban da magani da kuɗin makarantar ƙanne da gudunmawar biki da suna. Duk Sallah sai na yi shatar mota na tafi gida, na sayi rago, na raba sababbin kuɗi. Bara da aka aurar da ƙanwata ni na yi kayan ɗaki da gara. Na ci bashin 900,000 a ƙungiyar ma'aikata, ana cire min 75,000 duk wata. Na ari 250,000 da matata ta kwasa a adashi, na karɓi 150,000 wurin abokina, daga baya na shiga manhajar rance ta waya, yanzu suna bina 180,000. Da na makara biya sai suka tura wa mutanen da ke cikin wayata saƙo, har da matata, suna kirana macuci. Tun ranar daga gaisuwa ba ta ƙara min komai. Ana cikin haka ƙanena mai shekara 27 ya ce in ba shi 400,000 ya buɗe sana'ar POS, na ce babu. Inna ta kira ta ce Abuja ta canza ni, wai matata ce ta riƙe min hannu, ga gonar Baba nan ma ba wanda ya kula da ita. Yanzu waya na ƙara sai gabana ya faɗi, barci ya ƙaurace min. Yaya, rowa nake yi in na hana, ko wauta nake yi in na bayar?

Ɗan'uwanki, daga Mararaba

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya sa shekara 11 ɗin nan da ka yi kana riƙe da gidansa su zame maka nauyi a mizani. Bari in fara sauke maka abu guda kafin mu shiga lissafi: kai ba marowaci ba ne. Marowaci ba ya cin bashi don ƙanwarsa ta shiga ɗakin miji da gado da kujeru. Wauta ma ba ita ce ta kai ka nan ba. An ɗora maka rawanin uba kana ɗan shekara 23, ka ɗauka ba ka ce uffan ba, kuma har yau ba wanda ya tambaye ka ko wuyanka na ciwo.

Sai dai akwai magana ɗaya a wasiƙarka da na kasa wucewa: "ni kuma ban taɓa gyara musu ba." Nan ne bangon ya tsage. Mutanen gidanku suna mu'amala ne da wani yaya mai ɗaukar kusan miliyan a wata, wanda babu shi a duniya. In Inna ta ji ɗanta mai miliyan ya hana ƙaninsa 400,000 ta ce ya canza, ai lissafinta bai karkace ba, alƙaluman da aka bar ta da su ne ba na gaskiya ba. Haka ƙanin naka. Haka duk wanda ya kira ka ranar biki yana jiran kaso mai tsoka. Kai kaɗai ka san ainihin adadin, kai kaɗai kuma kake biyan bambancin da ke tsakanin abin da suke zato da abin da ke aljihunka, kuma da bashi kake biya.

Na san dalilin da ya sa ba ka gyara ba, don a wurinmu kuɗi magana ne. Ita kalmar kanta jam'in "wuri" ce, tun zamanin da kakanninmu ke ƙirga wuri a kasuwa, kafin fam da sule, kafin naira ta zo a 1973, kuma tun a lokacin ba cefane kaɗai ake yi da su ba. Da su ake gaisuwa, da su ake neman aure, da su ake ta'aziyya, da su ake cewa "ina tare da ke". Ina yarinya, a bikin wata yayata, an zaunar da ni kusa da gwaggona an ba ni littafi da biro. Kowace mace ta shigo ta miƙa ƙullinta, gwaggo ta kwance, ta lashi yatsa ta ƙirga, ta ce, "Rubuta, wance, naira kaza da kwano biyu." Al'adar biki ita ce in an kawo miki, ranar nata ki mayar da ƙari, wasu ma ninkawa suke yi. Wata ta kawo ƙasa da abin da aka kai mata a bikin 'yarta. Gwaggo ba ta ce komai ba, ta dai ce in ja layi a ƙarƙashin sunan. Kusan shekara biyu gaisuwarsu ba ta wuce ta bakin ƙofa ba. Abin da ya ragu bai kai a sayi turmin atamfa ba, amma abin da gwaggo ta karanta a ciki shi ne, "darajarki ta ragu a wurina."

To haka 50,000 ɗinka take magana idan ta isa gida. Inna ta aiki yaro wurin mai POS, ya dawo da su a dunƙule, ta ɗaure a haɓar zane, abin da ta ji shi ne ɗanta bai manta da ita ba, kuma da yamma tana da abin faɗa wa maƙwabciya. Kai ma tana yi maka magana. Duk lokacin da ka danna ka tura, wani abu a ranka yana ce maka ka isa, ka cike gurbin Baba. Shi ya sa "babu" take yi maka nauyi a baki haka, don a kunnenka tana fita ne kamar "ban isa ba". Tuwon girma miyarsa nama, kai kuma ka shekara 11 kana sayen naman nan, har da na bashi.

Kuma wannan damuwa ba a gidanku ta fara ba. A 2011 wasu masana tattalin arziki, Jean-Marie Baland da abokan aikinsa, sun wallafa wani bincike da suka yi a ƙungiyoyin ajiya da lamuni na ƙasar Kamaru. Sun tarar kusan ɗaya cikin biyar na rancen da ake karɓa, masu karɓar suna da ajiyar da ta kai abin da suka ranta a wuri guda, amma sun gwammace su ci bashi su biya ruwa a kai. Dalilin da da yawa suka bayar shi ne su samu abin nuna wa dangi: ku gani, ni ma bashi ake bina. Su masu shi ne suka yi shigar marasa shi, kai kuma mara shi ka yi shigar mai shi. Tsoron dai guda ne, na kallon wanda kake ƙauna ido da ido ka ce masa a'a.

Game da manhajar nan, na san kana zagin kanka kana cewa ina hankalina yake. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir suke cikin masu yin sa, ya gwada manoman rake sama da 400 a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu: kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe bashi ya taru, da kuma bayan girbi. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi kasa amsa tambayoyin gwajin tunani kafin girbi. Damuwar rashi tana cinye wuri a kai, sai mutum ya riƙa ganin matsalar yau kaɗai, ta gobe ta ɓace masa. A irin wannan hali ka danna manhajar. Na faɗa maka ne don ka daina dukan kanka, ka kuma kafa wa kanka doka daga yau: ba ka ƙara yanke hukuncin kuɗi a kan waya, ko da dare, ko ana tsaye a kanka. Duk wanda ya tambaya, amsarka ita ce, "Bari in duba, zan kira ka gobe." Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yawan neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili ya ce mutum in bashi ya kama shi sai ya yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Dubi yadda ya kai mutum mai gaskiya irinka ga ɓoye wa matarsa abu.

Yanzu mu yi lissafin da kai da kanka kake gudu. Daga 320,000 a cire 75,000 na ƙungiya, saura 245,000. A cire na Inna, saura 195,000. Hayar 700,000 tana nufin ware kusan 58,000 duk wata, saura 137,000. In na ƙiyasta maka kuɗin mota daga Mararaba zuwa cikin Abuja da dawowa a 50,000, abin da ya rage bai kai 90,000 ba, kuma a cikinsa mutum huɗu za su ci, a biya wuta da ruwa, a biya makaranta, a sayi magani in yaro ya kwana da zazzaɓi. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, komai kuma ya bi ta. Babu 400,000 a cikin wannan lissafi, babu ragon bashi, babu shatar mota. Da ka ce wa ƙaninka babu, gaskiya tsagwaronta ka faɗa masa, shi ne dai bai taɓa jin ta daga bakinka ba.

Ka kuma shirya wa wani abu: ko gaskiyar ma za ta yi musu girma. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, naka ya ninka shi fiye da huɗu. Wanda yake zaune a gidan gado, yana ci daga rumbu, in ya ji 320,000 zai ce ai wannan arziki ne. Saboda haka in ka tashi faɗin abin da ke shigowa, to ka faɗi abin da ke fita tare da shi, haya da mota da cefanen birni inda ko ganyen miya sai an saya.

Da matarka za ka fara, don ita ce aka fi zalunta a wannan labari, ita ce kuma ta fi kowa yin shiru. Ka tsaya ka duba abin da ya same ta. Ta yi wata da watanni tana zubi, wataƙila daga ɗan abin da take sayarwa ko abin da ta matse daga cefane, ranar kwasa ta zo ta miƙa maka gaba ɗaya. Kuɗin nan nata ne, shari'a ba ta ba ka ko kwabo a ciki ba sai da yardarta. Ba ka mayar ba, sannan labarin halin da mijinta yake ciki ya zo mata daga bakin baƙo, da zagi. A can gida kuma sunanta ake kira a matsayin mai hana ka alheri, alhali guminta yana cikin kujerun da ƙanwarka take zaune a kai. A wurin mace irin wannan, kuɗin adashi kwanciyar hankali ne, shi ne abin da take tunawa in ta ce ko da wani abu ya faru. Shirun da take yi maka na wadda aka mayar baƙuwa a gidanta ne. Ka ɗauki takarda ka rubuta duk bashin nan huɗu, da sunan mai shi da adadinsa, jimilla 1,480,000. In yara sun yi barci ka zauna ka miƙa mata tare da saƙon albashinka na banki. Ka ba ta haƙuri kana ambaton laifin da sunansa: na ci kuɗinki ban biya ba, na ɓoye miki, na bari kin ji daga waje. Kada ka nemi ta yafe kuɗin. Ka rubuta mata su a matsayin bashi da ranar fara biya, ko 15,000 ne a wata. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta kuma ware na tsakanin miji da mata ba. Kada ka yi mamaki in ta fi ka dabarar inda za a rage, don ita ta san farashin kowane mudu a gidan.

Bashin manhaja shi ne za a fara kashewa, saboda shi ne mai haihuwa kullum, ga riba ga tozarci. Kada ka kuskura ka ranta a wata manhajar don biyan wannan, rami ne a cikin rami. Ka duba abin da za ka iya sayarwa a makon nan, ko babbar waya ce ka koma ƙarama, ko talabijin, ko wasu manyan kaya da ba ka cika sawa ba. Ka je wurin shugabannin ƙungiyar ma'aikata ka nemi a tsawaita maka lokacin biya daga wata 12 zuwa 18, abin da ake cirewa zai sauko kusan 50,000, ka samu wurin numfashi. Abokinka kuma ka same shi da kanka kafin ya nemo ka, ka gaya masa watan da zai fara gani. Mai bin bashi ya fi jin zafin ɓuya a kan jinkiri. Su kuwa masu manhajar, abin da kake bin su hakkinka ne kamar yadda abin da suke binka yake nasu. Tura wa mutanen cikin wayarka saƙon ɓatanci laifi ne. Hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, tun 2022 take bin irin waɗannan kamfanoni tana tilasta musu rajista, akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023. Ka adana hotunan saƙonnin ka kai ƙorafi, ka biya abin da ka ci, ka goge manhajar.

Sai Inna, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Kada ka yi wannan magana ta waya. Ka shiga motar haya kamar kowa, ka riƙe 'yar tsarabarka daidai ƙarfinka, ka je ka kwana. Ka nemi lokacin da take ita kaɗai, bayan Asuba ko bayan Isha'i, ka zauna a ƙasa kusa da ita yadda kake yi kana yaro. Ka ce mata, "Inna, na zo ne in ba ki haƙuri. Na bar ki kina zaton ina da abin da ba ni da shi, don ba na so ki shiga damuwa. Ga abin da nake ɗauka, ga inda yake tafiya, ga bashin da ake bina." Ka buɗe wayar ka nuna mata, in ba ta karatun boko ka karanta mata a hankali. Sannan ka faɗi maganar da za ta wanke matarka: "A cikin kayan ɗakin nan akwai 250,000 na matata, kuɗin adashinta, har yau ban biya ta ba." Ina ganin wannan kalma ɗaya za ta yi aikin da shekara goma na bayani ba za su yi ba.

Ka yi wa Inna adalci a ranka kafin ka isa. Mace ce da ta rasa miji da yara takwas a gabanta, ta ga yadda gida ke rushewa in mai shi ya tafi, ta jingina da kai gaba ɗaya. Da ta ce Abuja ta canza ka, tsoro ne ya yi magana, tsoron kada bangon da ta jingina ya fara ja da baya. Ita ma 50,000 ɗin da take karɓa ba ta sayen abin da take saya shekara uku da suka wuce. Tana iya yin kuka, tana iya yin fushi, tana iya cewa ba ta yarda ba. Ka yi shiru ka saurara, kada ka ɗaga murya, kada kuma ka janye ka yi sabon alkawari don hawayen su tsaya. Mafi yawan iyaye mata da na sani, in suka gane ɗansu yana nutsewa, su ne suke fara tsayawa a bakin ƙofa suna korar masu roƙo. Ka nemi ta zama mai tsaron ƙofarka, ka roƙi albarkarta a kan tsarin da ka zo da shi.

In kana jin bakinka ba zai iya ba, ko kana tsoron maganar ta fantsama cikin dangi, ka tafi da kawu ko baffa ɗaya mai riƙe sirri wanda Inna take jin nauyinsa. Na kuma san akwai hikima a rashin bayyana samu ga kowa, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ban ce ka tara gari ka karanta musu albashinka ba. Inna da matarka, sai mutum ɗaya in ya zama dole. In ma adadin albashin ne ba za ka iya furtawa ba, to ka faɗi adadin bashin da abin da za ka iya bayarwa duk wata, wannan kaɗai ya isa ya rushe mai miliyan ɗin nan.

Kada ka ji kamar kana saɓa wa Allah in ka tsara. Risala, littafin fiƙihun nan da ake karantawa a zaurukanmu, ta fayyace waɗanda ciyar da su ya wajaba a kan namiji: matarsa, 'ya'yansa ƙanana, da iyayensa in mabukata ne. Abin da kake yi wa ƙanne alheri ne da sada zumunci mai tarin lada, amma ba a cin bashi mai ruwa don a yi shi, ba a kuma ɗebo shi daga bakin 'ya'yanka. Ka buɗe Suratul Isra'i ka karanta daga aya ta 23 zuwa ta 29. A wuri guda aka yi umarni da kyautata wa iyaye, aka ce a ba dangi hakkinsu, aka ce in ka kau da kai daga gare su kana jiran wata rahama daga Ubangijinka to ka gaya musu magana mai laushi, sannan aka ce kada ka ƙuƙunce hannunka a wuya, kada kuma ka shimfiɗa shi gaba ɗaya har ka koma abin zargi, wanda ya yanke. Addini ya san akwai ranar da mai bayarwa zai ce babu, har ya koya masa yadda zai faɗe ta.

A ganina ka bar wa Inna 50,000 ɗinta yadda take, don na san rage ta zai fi yi maka ciwo fiye da amfanin da zai kawo. Amma ta zama ita ce ƙofa ɗaya tilo, tana zuwa a rana sananniya kowane wata, sauran ƙofofin a rufe su na shekara guda. Gudunmawar biki ta koma abin da ya sauwaƙa, ko ka je da ƙafarka ka yi Allah ya sanya alheri. Layya tana kan mai hali ne, bana ba ka cikinsu. Lokacin kaka, in hatsi ya sauko a kasuwannin ƙauye, ka mayar da wani ɓangare na kuɗin buhun masara ko gero a ajiye mata, ya fi takarda daɗewa. In kuwa ka zauna da matarka kuka ga lissafin bai fita ba ko da haka, to ka rage zuwa 40,000 na wani lokaci, ka gaya wa Inna watan da za ta koma yadda take, ka kuma cika.

Ƙaninka kuma kada ka ɗauke shi maƙiyi. Hotonka yake gani a WhatsApp cikin shadda mai maiƙo, ya ga motar da ta kawo ka Sallah bai san ta shata ba ce, ya ga sababbin kuɗi a hannun yara. Da abin da ka nuna masa ya yi maka hukunci. Akwai kuma wani ciwo da mai karɓa yake ji wanda mai bayarwa ba ya gani: namiji ɗan shekara 27 da kullum sai ya miƙa hannu wurin yayansa yana jin ƙanƙanta, shi ya sa wani lokaci roƙon yake fitowa da fushi. Ka kira shi gefe ka yi masa magana ta manya, ka gaya masa halin da kake ciki, ka ce kana bukatarsa. Wataƙila bai taɓa jin wannan daga gare ka ba. Ga gonar Baba da Inna ta ce an yi watsi da ita. Ku zauna da sauran magada ku yanke, ko ya noma ta da yardar kowa, ko a ba da ita haya a zuba kuɗin a hidimar gida, ko a raba gado kowa ya san nasa. In zuciyarsa na kan POS, ya zauna wurin mai yi na wata shida ya koyi yadda ake gane saƙon banki na bogi da yadda ake juya kuɗin hannu, yana tara ɗan abin da ya samu. Ka yi masa alkawarin da za ka iya cikawa: in ka fita daga bashi, abin da ya tara za ka ɗora masa kwatankwacinsa. Sauran ƙannen da suka fara samu, har da amaryar bara, kowa ya riƙa kawo wani abu na maganin Inna, ko 3,000 ce. Uwar ta kowa ce, kada ka hana su ladar.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da za ka rasa. Wasu da suke tashi tsaye in ka shigo za su gaishe ka daga zaune. Wani da yake kiranka duk Juma'a zai ɗauke ƙafa. Za a yi maganarka a bayan ido, a ce ashe dama babu. Zai yi zafi, musamman Sallar farko da za ka sauka a tasha da jakarka a kafaɗa. Ina so ka san da zuwansa tun yanzu don kada ya firgita ka ka koma gidan jiya.

Faɗuwar gaba da rashin barcin nan kuma kada ka raina su. Ka shiga asibiti ko kantin magani a auna maka hawan jini a makon nan, ka gaya wa likita yadda kake kwana. In ka ji abin ya kai ga tunanin gara ka ɓace ko ka cutar da kanka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka faɗa wa matarka ko aminin da ka yarda da shi a ranar, ku je wurin likita tare.

Yau da dare takardar nan da matarka. Gobe in Inna ta kira, ka ɗauka, ka gaishe ta da kyau, ka ce mata kana nan tafe ƙarshen wata, akwai maganar da kake so ku yi kai da ita. In ka dawo ka rubuto min abin da ta ce, mu duba lissafin wata na biyu tare. Allah ya yaye maka, ya biya maka, ya bar ku tare da iyalinka cikin rufin asiri.